Yadda za ka koya wa wani karɓar kuɗi ta waya ba tare da ka ƙwace masa su ba

Kuskuren da na fara yi da Goggona shi ne na buɗe mata asusu da layina. A ganina taimako na yi. Wata uku masu kawo mata ɗinki suna turo kuɗi, saƙo yana shigowa wayata, ita kuwa sai ta jira na leƙo kafin ta san ko an biya ta. Da can kuɗin suna ƙarƙashin katifa, amma dai a hannunta suke. Ni na raba ta da su.

To, ka fara da wannan: layi da asusu su kasance da sunan mai kuɗin, da katin shaidarsa. Idan ba shi da katin, a nemo shi tukuna, ko da zai ci makonni. Wannan ya fi shafar mata, domin sau da yawa wayar ta miji ce ko ta ɗa. Ƙididdigar Global Findex ta Bankin Duniya ta nuna a 2021 kashi 76 cikin ɗari na manya a duniya suna da asusu, daga kashi 51 a 2011, amma har lokacin mutum biliyan 1.4 ba su da shi, kuma mata sun fi yawa a cikinsu.

Kada ka ce sai an sayi babbar waya. M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya da aka fara a Kenya a 2007, da ƙananan wayoyi masu maɓalli ta yaɗu, babu intanet. Goggo ma da irin wannan take aiki, tana danna tauraro da ƴan lambobi.

Lambar sirri ita ta zaɓa, ni kuma na juya baya. Sharaɗi ɗaya na gindaya: kada ta zama shekarar haihuwa.

Sai koyarwar kanta, kuma a nan mutane ke gaggawa. Karɓa ake fara koyo, turawa daga baya. Na tura mata kuɗi kaɗan, na ce, "Goggo, duba abin da ya rage miki." Ta duba. Washegari muka sake. Sai da ta yi sau goma ban sa baki ba, sannan muka je wurin wakili mai cire wa mutane kuɗi, ta cire kuɗin ta ƙirga da yatsunta. Wanda bai taɓa ganin lambobin allo sun koma takarda a tafinsa ba, ba zai yarda da su ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Duba ragowar kuɗi shi ne garkuwarta. Ƴan damfara suna iya turo saƙon bogi mai kama da na banki, ko su nuna hoton rasit a wayarsu. Idan adadin da ke asusu bai ƙaru ba, ba a biya ba, komai rantsuwar mutum. Haka duk wanda ya kira yana neman lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo, ɓarawo ne, ko da ya ambaci cikakken sunanta.

Lokacin turawa, ta karanta sunan da ya fito kafin ta tabbatar. Ku tambayi cajin turawa da na cirewa tun farko, don cire kaɗan-kaɗan kullum yana cinye ribar mai ƙaramar sana'a. Ranar da aka cire kuɗi daga asusu amma ba su kai ga wanda aka tura wa ba (za ta zo, ta zo mana sau biyu), kada a goge saƙon. Lambar cinikin da ke ciki ake kai ƙorafi da ita.

Ban hana ta ajiye tsabar kuɗi ba. Sabis yana ɗaukewa, batir yana mutuwa.

Makon jiya na tarar wata ta zo karɓar riguna tana cewa ai ta tura. Goggo ta sa tabarau, ta danna, ta ce, "Bai shigo ba tukuna, ƴar nan. Zauna mu jira."