Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen allon SUP na hawa igiyar ruwa

Allon SUP, wato wanda ake tsayawa a kai ana tuƙawa da filafili, iri-iri ne. Na yawo a tafki daban, na tsere daban, na hawa igiyar ruwa a teku kuma daban. Tun da gwanayen hawa igiyar ruwa Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da wasan a tsibiran Hawai na Amurka a farkon shekarun 2000, kamfanoni sun yi ta fito da siffofi barkatai, har mai saye ya rasa na ɗauka. Yawancin masu da-na-sani kuwa allon gwanin da suke mafarkin zama suka saya, suka manta da matakin da suke kai yau.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne sayen ƙaramin allo da wuri. Mutum ya kalli bidiyon ƙwararru suna juya allo mai tsawon ƙafa 7 da 'yan kai, sai ya ce shi ma irinsa zai saya. Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne wahalar tsayawa a kan irin wannan allo yayin jiran igiyar ruwa, ga iska, ga ruwa na tangaɗi. Wanda bai saba ba zai ƙare yana faɗawa yana hawowa, ƙafafu su gaji tun kafin igiya mai kyau ta zo. Kafin ka kalli tsawo, duba girman cikin allon, wanda ake rubutawa da lita. Lita ɗaya tana ɗaukar nauyin kusan kilo ɗaya a ruwa. Sabon shiga yana bukatar lita kusan ninki biyu na nauyinsa: mai kilo 80 ya nemi wajen lita 160. Wanda hannunsa ya faɗa zai iya saukowa zuwa ninki ɗaya da rabi, gwanaye ne kawai ke matsawa kusa da nauyin jikinsu. A lissafin kada ka manta da nauyin allon kansa, da filafili, da rigar ruwa idan ta jiƙe. Ruwan gishiri ya ɗan fi ruwan daɗi ɗaga abu, amma bambancin bai kai a dogara da shi ba.

Lita kaɗai ma ba ta faɗin komai. Alluna biyu za su iya zama da yawan lita iri ɗaya, ɗaya ya zauna daram, ɗaya ya yi ta rawa. Faɗi ne ya fi kawo kwanciyar allo. Inci 31 zuwa 33 ya dace da mai koyo, kuma rage inci ɗaya tak ana jinsa a ƙafa nan take. Allon da aka tara masa lita a kauri, aka bar shi siriri, yana ɗaga mutum sama da ruwa ne kawai, ya ƙara masa tangal-tangal. Gefuna masu kauri kuma ba sa shiga jikin igiya, sai allon ya ƙi juyawa.

Akwai masu yin akasin haka, su shiga teku da dogon allon tafiya mai ƙafa 12 da inci 6, ko na tsere mai ƙafa 14. Waɗannan an yi su ne don su miƙe sak. Cikinsu a shimfiɗe yake, hancinsu bai ɗaga ba, don haka da igiya ta turo sai hancin ya nutse, mai shi ya kife. Allon igiya yana da lanƙwasa daga hanci zuwa wutsiya. Ga mai farawa, ƙafa 9 zuwa 10 da rabi ya wadatar.

Sai rashin duba irin igiyar da mutum zai riƙa hawa. In ƙanana ne marasa ƙarfi, allo mai ɗan tsawo da faɗin wutsiya da lanƙwasa kaɗan shi ke kama su da wuri. In masu tsayi ne da ke karyewa da sauri, ana son lanƙwasa sosai da siririyar wutsiya. Ka yi zaɓi bisa ruwan da ka fi samu a ranakun da kake fita, ban da ranar nan guda da teku ta yi kyau kamar a hoto.

Allon da ake hurawa da iska yana da daɗin ɗauka da ajiya, ba a musu. Amma yawancinsu kaurin inci 6 ne, gefunansu a dunƙule, kuma suna ɗan lanƙwashewa ƙarƙashin ƙafa ko an hura su yadda ya kamata. Za a iya wasa da su a ƙananan igiyoyi. Mai son ya koyi juyi na gaske, a ganina, ya nemi allo mai tauri.

Maɗaurin ƙafa, wato abin da ke haɗa ƙafarka da allon, ba wurin tsimi ba ne. Mai murɗe-murɗe na ruwa mai kwanciya ne. A cikin igiya yana iya fizgo allon ya dawo wa mutum a fuska. A sa miƙaƙƙe, mai tsawon allon. Filafili kuma ya fi na yawo gajarta, daidai kai ko ya ɗan haura.

In da hali, ari ko ka yi hayar girma biyu ko uku kafin ka biya, kuma ka gwada a ranar da ruwa ke motsi. Allon farko bai zama dole ya zama sabo ba, tunda za ka sauya shi in ka ƙware. Idan na hannu ne, danna jikinsa ka ji ko akwai inda ya yi laushi, ka duba tsagewa a wurin fikafikan da ke ƙarƙashin allon, sannan ka ɗaga shi. Wanda ya yi nauyi fiye da kima ya sha ruwa a ciki, a bar wa mai shi kayansa.