Yadda za ka ziyarci fagen yaƙin Kwatarkwashi

Da farko, tambayi lafiyar hanya. Direbobin tashar Gusau sun fi kowa sanin halin da ake ciki. In suka ce a dakata, to dakata.

Na biyu, fita da hantsi, ka juyo kafin la'asar. Garin yana ƙaramar hukumar Bunguɗu, kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Tun daga nesa za ka hango dutsen Kwatarkwashi.

Na uku, fara zuwa fada ka kwashi gaisuwa, ka roƙi a haɗa ka da dattijo ɗan gari. Babu wanda ya kai su sanin wurin.

Na huɗu, tafi da labarin a kanka, in ba haka ba gonaki kawai za ka gani. A Fabrairun 1903, bayan Turawa sun ci Kano, dakarun Kano da ke dawowa daga Sakkwato ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi arba da sojojin wani hafsan Ingila mai suna Wright, 'yan ƙalilan. Sojojin suka tsaya kusurwa huɗu, mahaya suka yi ta kai sukuwa da takubba da masu, harsashi na zubar da su. A nan Waziri ya kwanta dama.

Na biyar, in za ka hau dutsen, sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙe ruwa. Hoton mutane kuwa, sai da izininsu.