Yadda za ka tsara yininka a daminar Santa Fe

Santa Fe, babban birnin jihar Niyu Meziko a Amurka, yana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,100, kuma ruwan da yake samu a shekara duka wajen milimita 360 ne, inci 14 ke nan. Kaso mai tsoka na wannan ɗan ruwan a Yuli da Agusta yake sauka. Hukumar yanayi ta ƙasa tana ƙirga daminar daga 15 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, amma wannan lissafin takarda ne. Yuni a nan bazara ce zalla, leɓe yana tsagewa, ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Ruwa yakan kankama ne cikin Yuli, wata shekarar ma ya yi nawa.

Abin da ke kawo shi juyawar iska ce. Yawancin shekara daga yamma take busowa, a bushe. In zafi ya yi zafi sai ta koma kudu, ta kwaso danshi daga mashigin tekun Kalifoniya da na Meziko. Danshin kuwa ba ya zama hadari sai rana ta gasa duwatsu, iska mai zafi ta ɗaga shi sama. Shi ya sa hadarin garin nan yake da lokacinsa, kuma a kan lokacin nan za ka ɗora komai.

Duk aikin waje ka yi shi da safe. Shanya, fenti, gyaran rufi, tafiya cikin daji, kai yara filin wasa, ka kammala kafin azahar. Safiya takan zo garau, babu ko ƙyallin gajimare, kuma ita ce take yaudarar baƙi.

Daga hantsi ka fara duban dutse, ba saman kanka ba. A gabas akwai duwatsun Sangre de Cristo, a yamma can nesa akwai na Jemez, kuma a kansu hadari yake fara haɗuwa. Wajen ƙarfe goma za ka ga 'yan gajimare farare sun zauna a kan tsaunin. In har tsakar rana suna nan a baje, ba su ƙara tsayi ba, da wuya a yi wani abin kirki ran nan. In kuwa ka ga suna tashi tsaye, kansu yana tumbatsa, gindinsu ya yi baƙi ya daidaita sumul, to ka kwashe shanya. Da zarar ƙolin ya baje gefe guda kamar uwar maƙera, hadari ya nuna, kuma akwai aradu a cikinsa ko ba ka ji ta ba tukuna. Daga nan sai ya gangaro gari, galibi tsakanin azahar da magariba. Alama ta ƙarshe ita ce iska mai sanyi da za ta bugo kwatsam, ta tayar da ƙura, ta rufe ƙofa da ƙarfi. Wannan iskar daga cikin hadarin ta fito, mintoci kaɗan suka rage maka.

Hasashen yanayi na waya yana da amfani, amma ka san yadda ake karanta shi. In an ce yiwuwar ruwa kashi 40 cikin ɗari, ba ana nufin yayyafi za a yi ba. Ana iya tsuge ruwa kamar da bakin ƙwarya a unguwar da ke gindin dutse, kai kuwa a kudancin gari ko ɗigo ba ka gani ba. Ni na fi duba ma'aunin raɓa, wato lambar da ke nuna yawan danshin iska. In ya kai digiri 50 na Farenhait, 10 a Salsiyos, na san hadarin ranar yana da ruwa a cikinsa. In yana can ƙasa, sai ka ga ruwan ya sauko daga gajimare zare-zare, launin toka, ya tsaya a rataye bai taɓa ƙasa ba, saboda busasshiyar iska ta shanye shi a hanya. Yana da kyan kallo, amma ni ba na son sa. Irin wannan hadarin iska mai karya reshe yake kawowa, da aradu ba ruwa, kuma ita ce ke kunna wutar daji.

Maganar aradu gajera ce. In ka ji tsawa, ka shiga gida ko mota mai rufin ƙarfe, ka rufe gilashi. Rumfa da baranda da gindin bishiya ba mafaka ba ne. In kana son sanin nisanta, ƙirga daga walƙiya zuwa tsawa: kowane daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne. Sai dai kada ka dogara da wannan, don aradu tana iya faɗuwa kilomita 16 daga inda ake ruwan. Ka bari a yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe kafin ka fito. Masu hawan tsauni kuma, ƙa'idar da kowa ya sani ita ce tsakar rana ta same ka kana saukowa.

Wani abin da ke cin mutane a nan shi ne kwari. Garin cike yake da busassun koramu da suka ratsa unguwanni, irin su Arroyo de los Chamisos, kuma kusan duk shekara rairayi ne kawai a cikinsu. Mutane suna yawo da karnuka a ciki, yara suna wasa. To amma ƙasar nan tauri gare ta, tsiro kaɗan ne, ga gangara. Ruwan da ya zuba a dutse ba ya samun lokacin nitsewa, sai ya tattaru ya bi kwari da gudu. Kana iya tsayawa cikin rana tarwai, ruwan da ya sauka kilomitoci da dama daga inda kake ya iso maka. Haka ya faru a kwazazzabon Antelope da ke Arizona a watan Agusta 1997, inda ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11, alhali hadarin can nesa ya zubar da ruwansa.

Saboda haka in akwai baƙin hadari a kan dutse, kada ka shiga kwari, ko da samanka garau ne. In kana ciki ka ji wani rugugi daga sama da kai, ko ka ga ɗan ruwa ja ya ɓullo yana turo kumfa da tsinkayen ganye da ƙirare, wannan goshin ambaliya ne. Ka haye gaɓa nan take, ko ta ina ne. Kada ka ruga ta cikin kwarin, ruwan ya fi ka gudu.

Direbobi sun fi kowa taurin kai a wannan fanni, musamman masu manyan motoci. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, na santimita 30 yana ɗaga yawancin ƙananan motoci, na 60 kuma yana tafiya da manyan. Ga shi jajir da laka, ba ka ganin ko kwaltar ƙasan tana nan ko ta zaizaye. Ka juya, ko ka tsaya a tudu ka jira. Ruwan nan ba ya daɗewa, sau da yawa cikin awa guda ya janye. Hanyoyin da ba kwalta ma haka, ka ba su lokaci su sha iska, don yumɓunsu yana santsi sosai. In kuma wayarka ta yi kuwwa da kanta da saƙon ambaliya, abin ya riga ya taso.

Wurin da wutar daji ta ci a baya ya fi ko'ina haɗari, domin ƙasar da ta ƙone ba ta shan ruwa, sai ta sako laka da toka da kututture. Bayan babbar gobarar dajin Hermits Peak da Calf Canyon ta 2022 a arewacin jihar, ƙauyukan da ke ƙasanta sun sha ambaliya. A garin Ruidoso da ke kudancin jihar, inda aka yi gobarar daji a 2024, ambaliyar 8 ga Yuli 2025 ta kashe mutum 3. Kafin ka kafa tanti ko ka kama hayar gida kusa da rafi, ka tambaya ko dajin da ke sama ya taɓa ƙonewa.

Gida kuma tun cikin Yuni ake shirya shi. Yawancin gidajen garin soro ne, ruwa ta indararo yake sauka. Ka hau ka share ganye da ƙasa daga bakin kowane indararo, ka duba inda ya tsage. A ƙarƙashinsa ka ajiye ganga. Lissafin mai sauƙi ne: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, don haka ruwan milimita 10 a rufi mai murabba'in mita 100 lita 1,000 ne, gangar galan 55 kuwa lita 200 da 'yan kai take ci. Za ta cika ta tumbatsa kafin ka ankara, sai ka yi wa rarar hanya zuwa gindin bishiya, nesa da bango, balle in ginin ƙasa ne. Ka rufe bakin gangar da raga saboda sauro. Ruwan na ban shuka ne, ba na sha ba.

Kada ka daina ban ruwa don kawai an yi ruwa jiya. Ka tura yatsa cikin ƙasa tukuna, sau da yawa sama-sama ne ya jiƙe. Na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa takan rage ƙarfi in iska ta yi danshi, gara ka buɗe taga bayan an ɗauke. Ka riƙa ajiye rigar sanyi a mota, don gari yana iya yin sanyi cikin 'yan mintoci, wani lokaci har da ƙanƙara. Tumatir ne ke shan wahalarta.

Sannan ka sayi ma'aunin ruwa naka na kanka, domin lambar da ake bayarwa daga filin jirgi ba ta gidanka ba ce. Ka kafa shi a fili, nesa da bango da bishiya, bakinsa a daidaice, ka karanta kullum da ƙarfe bakwai na safe. Akwai ƙungiyar 'yan sa-kai mai suna CoCoRaHS, da aka kafa a Kolorado a 1998 bayan ambaliyar birnin Fort Collins ta 1997, wadda take karɓar irin wannan awo daga gidaje ta intanet, kuma masu hasashen yanayi suna aiki da shi. Ranar da ba a yi ko ɗigo ba ma ka shigar da sifili, suna buƙatar sanin inda ruwan ya tsallake.