Yadda Za a Haɗa Ayarin Bincike kan Makamashin Teku daga Jami'o'in Kebbi

Duk malamin jami'a ko ɗalibin digiri na biyu da ya tashi a Birnin Kebbi ko Aliero ya ce zai yi bincike kan samar da lantarki daga teku, abin da za a fara tambayarsa shi ne ina tekun yake. Masu tambayar suna da gaskiya, domin gaɓar tekun Najeriya, mai tsawon kimanin kilomita 853, tana can kudu. Sai dai wannan bai isa ya sa mu naɗe hannu ba, tunda Kogin Neja ta jihar nan yake shigowa Najeriya, ya ratsa ƙasar Yawuri har tafkin Kainji, kuma farfelar da gudun ruwan teku yake juyawa ƙa'idar aikinta ɗaya ce da wadda kogi zai juya.

Da farko sai a zaɓi fanni guda, domin makamashin teku ya rabu kashi-kashi. Akwai tare ruwa da madatsa lokacin cikowar teku a sake shi lokacin janyewa, kamar tashar La Rance ta Faransa da ta fara aiki a 1966 da megawat 240, da ta Sihwa a Koriya ta Kudu mai megawat 254 wadda aka buɗe a 2011. Wannan hanya tana son wurin da ruwa yake hawa da sauka da mitoci masu yawa, alhali a Legas bambancin wajen mita guda ne. Akwai amfani da igiyar ruwa, kamar yadda ake yi a Mutriku ta ƙasar Sifen. Akwai kuma cin moriyar bambancin zafi tsakanin saman teku da zurfin kusan mita 1,000, wanda ake so ya kai digiri 20. Tekun da ke kudu da mu yana da ɗumin da ake nema, amma kuɗin gwajin ya fi ƙarfin sashe guda na jami'a. Shawarata ga mutanen Kebbi ita ce su kama na huɗu, wato farfelar da ake nutsarwa cikin ruwa mai gudu ba tare da an gina madatsa ba, domin shi kaɗai ne za mu iya gwadawa a ƙofar gida.

Bayan an tsai da fanni, kada a yi gaggawar zuwa wajen mai walda. A fara da auna gudun ruwa, saboda a nan ribar aikin ko asararsa take. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, shi ya sa ƙaramar farfela a ruwa take iya aikin da sai babba za ta yi a iska, kuma ƙarfin da ke cikin ruwa yana ninkuwa sau takwas duk lokacin da gudunsa ya ninka sau biyu. Ruwan da yake ratsa murabba'in mita guda da gudun mita 1 a daƙiƙa yana ɗauke da wat 500, idan gudun ya kai mita 2 sai ya zama wat 4,000. Farfela ba za ta kwashe duka ba, kuma wadda aka ƙera a gida da wuya ta kama rabi, saboda haka wurin da ruwa yake tafiyar hawainiya ba wurin kafa inji ba ne, komai faɗinsa.

Awon farko ba ya bukatar kayan tsada. A auna mita 20 a bakin gaɓa, a kafa turke a kowane ƙarshe, a shiga kwale-kwale a saki gorar roba da aka cika rabi da ruwa a tsakiyar kogi, wani kuma yana tsaye da agogon waya yana ƙirga daƙiƙoƙin da ta ɗauka daga turke zuwa turke. A maimaita aƙalla sau biyar, a rage kaɗan daga sakamakon domin saman ruwa ya fi ƙasansa gudu, sannan a auna zurfi da igiya mai dutse a baki. Kowa ya sa rigar kariya kafin ya taka jirgi. Mun rasa rayuka da yawa a ruwan Yawuri, bai kamata bincike ya ƙara ko da guda ba. Awon kuma shekara cur yake so, domin Neja a wannan yanki sau biyu yake cikowa: da damina, daga ruwan da ya sauka kusa, sai kuma cikin hunturu, lokacin da ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ya iso bayan ya daɗe yana ratsa fadamun Mali.

Wajen haɗa ayari ne ayyuka da dama suke lalacewa, domin sau da yawa injiniya yakan rubuta komai shi kaɗai, sai ana gobe rufe karɓar takardu ya bi ofisoshi yana roƙon sunayen abokan aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zauna tun ranar farko da injiniyan ƙere-ƙere da na lantarki, da masanin ruwa ko labarin ƙasa, da masanin kifi wanda zai duba ko fikafikan farfela suna yi wa kifi lahani, da masanin tattalin arziki wanda zai kwatanta kuɗin wannan wuta da na sola da na janareta, ko da kuwa amsar ba za ta yi wa ayarin daɗi ba. Kowa ya fito da tambayarsa ta bincike da ɗalibinsa, kuma a rubuta tun da wuri wanda zai riƙe bayanai da yadda za a jera sunaye a maƙala.

Masunta su ma 'yan ayari ne, kuma ta hannun sarkin ruwa da mai gari ake neman su. Basarken da ya tashi a kan kogi ya san inda ruwa yake murɗawa, da inda yashi yake taruwa, da watan da kainuwa take saukowa ta shaƙe duk abin da ta tarar, da wurin da ake shimfiɗa taru wanda ba za a yarda a kafa ƙarfe ba. Mutanen wannan yanki ba su manta da cewa madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi dubban mutane daga tsibiransu da garuruwansu ba, don haka wajibi ne a bayyana musu ƙarara cewa ba za a tare ruwa ba, a kuma koma a gaya musu sakamako da Hausa.

Idan samfurin farfelar ya yi aiki a kogi, lokacin neman abokan aiki na bakin teku ya yi. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe da tsatsa, halittun ruwa suna manne wa inji, kuma gudun ruwan yana juya alkibla kusan kowace sa'a shida, abin da kogi ba zai koya mana ba. A rubuta wa cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Legas, wato NIOMR, a nemi shawarar cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, a kuma karanta rahotannin cibiyar gwaji ta EMEC da aka kafa a tsibiran Orkney na Sukotland a 2003. Takardar neman tallafi daga asusun bincike na TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ta ƙunshi awon shekara guda, da taswirar wurin, da amincewar al'umma a rubuce, da kasafin da bai manta da man jirgi da ladan matuƙi ba.