Yadda za ka gane ko asibitin kunne yana yi wa yaronka aiki mai kyau

Mu a Kano da yawanmu da ledar magani muke auna likita, in leda ta cika sai a ce ya iya aiki. A ciwon kunne wallahi ba haka ba ne. Ko sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano ka je, ko na Murtala, ko wani na kuɗi, abubuwan da za ka sa wa ido ɗaya ne.

Na farko, an leƙa kunnen kuwa? Akwai 'yar tocilan ɗin da likita ke zurawa ya ga dodon kunne, kuma ya kamata a duba duka biyun ko da ɗaya ne ke ciwo. In an rubuta magani ba a leƙa ba, to canke aka yi. Ka tambaya kai tsaye: likita, dodon kunnen ya huje ne ko lafiyarsa ƙalau? Wannan tambayar tana da nauyi sosai, don in ya huje akwai magungunan ɗigawa irin masu gentamicin ko neomycin da kan iya taɓa jin yaro, shi ya sa likitoci suka fi ba da ciprofloxacin a irin wannan hali. Kuma in kunnen na zubar da mugunya sai an fara tsane shi kafin a ɗiga komai, in ba haka ba maganin a saman mugunyar zai tsaya, asibiti mai kyau har nuna wa uwar yaron suke yi yadda za ta goge a gida, su hana ta gashin kaza da tsinke da zuba man zaitun.

Ciwon da ya zo da zafi da zazzaɓi yawanci amoxicillin ake fara bayarwa in ana buƙatar antibayotik, da na rage zogi, kuma cikin awa 48 zuwa 72 ya kamata a ga sauƙi. Sun faɗa maka ranar dawowa? Su rubuta a kati.

Wurin da ya fi damuna shi ne gwajin ji. Kunne ya wuce sati 2 yana ruwa, an samu ya bushe, sai kowa ya watse, alhali yaron a aji ba ya jin malam sosai ana ta cewa ba ya ganewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin jin sauti a yara ana iya kauce masa. Don Allah ka nemi a gwada jinsa, in babu na'urar a wurin su tura ka inda take, har Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ana turawa.

In kuwa bayan kunnen ya kumbura, ko baki ya karkace, ko jiri da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, kar ka jira ranar da aka ba ka, a daren nan ka kai shi imajansi.