Yadda nake ɗaukar hoton tsohuwar majami'ar High Street

Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna a unguwannin Nima da Mamobi. Idan kasuwa ta yi sanyi, sai in rataya kyamara in hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa cikin garin Ankara (tamu ta Gana, ba ta Turkiyya ba), in sauka Tema Station, in taka da ƙafa zuwa majami'ar Holy Trinity da ke kan High Street, dab da bakin teku.

Ta 'yan Angalika ce. An gama gininta a 1894, zamanin Gwalkwas, kuma a 1909 ta zama kujerar bishop. Wanda ya zana ta, Aston Webb, shi ne daga baya ya sake wa fadar Bakingham ta Landan fuska. Ka tsaya ka ƙare mata kallo kafin ka taɓa kyamara: bango mai kauri kamar ganuwa, bakan gizo irin na tsofaffin majami'un Turai, hasumiyar ƙararrawa mai kusurwa huɗu. Gini ne na ƙasar sanyi da aka dasa cikin zafin Ankara, kuma wannan haɗin shi ne hoton. In ka yanke masu talla da trotro da matan da suka sha kaba (rigar adon matan Gana) ranar Lahadi, ka dawo da abin da kowa zai ce a Ingila ka ɗauko.

Lokaci shi ne kan gaba. Zuwana na farko da tsakar rana na yi, rana a tsakiyar ka, bangon ya fito fari fat, tagogi kamar ramuka. Ka je tsakanin shida da rabi da takwas na safe, ko bayan la'asar. Kada ka yi nawa, don a nan ƙarfe shida na yi rana ta tafi, rani da damina. Lokacin hunturu ƙura na tausasa haske, ni ina son haka, ko da yake sama takan fito fari. Ka riƙe ƙyalle mai laushi a aljihu, iskar teku tana shafa wa gilashin kyamara gishiri.

Hasumiya ita ke ba mutane kunya. Kana tsaye a gindinta ka ɗaga waya sama, sai ginin ya fito kamar zai faɗi da baya. Ja da baya, tsallaka titi in ta kama, riƙe wayar a miƙe, sannan ka jawo hoton ninki biyu. Amma lura da inda ka nuna kyamara, titin cike yake da bankuna da gine-ginen gwamnati, masu gadinsu kuwa ba su san wasa ba.

Shiga ciki sai da izini. Gai da mai gadi da kyau, faɗa masa abin da ya kawo ka, in ya tura ka ofis ka je. Mu a masallaci takalmi muke cirewa, su hula namiji ke cirewa. Ranar farko sai da wani dattijo ya nuna min kaina yana murmushi. In ana ibada, mayar da kyamara jaka. Kashe filasha. Ciki da duhu, tagogi da haske, to taɓa tagar a fuskar waya don hasken ya sauka, ka jingina kafaɗa da ginshiƙi, ka riƙe numfashi, ka danna. Tsaya daidai tsakiyar hanyar da ta raba kujeru, in ka goce ko taku ɗaya, bakan za su karkace.

In ka fito da sauran batir, bi titin ka yi yamma, ka wuce tsohon sansanin Turawa na Ussher Fort har fitilar jiragen ruwa ta Jamestown. Can ma tambayi masunta kafin ka ɗauki kwalekwalensu, kuma ka tanadi 'yan canji a aljihu.