Steam ko Microsoft Store? Kurakuran da ake yi wajen sayen Microsoft Flight Simulator

Ɗan yayata ne ya same ni da tambayar bayan sallar isha'i, kwamfutarsa a hannu. Ya yi watanni yana tara kuɗin Microsoft Flight Simulator, wasan tuƙin jirgin sama a kwamfuta, burinsa ya ɗaga jirgi daga filin Malam Aminu Kano ya sauke shi a Jidda. Ya ce, "Kawu, na ga wasan a Steam, na kuma gan shi a Microsoft Store. Wanne ya fi kyau?" Shaguna biyu ne na intanet da ake sayen wasan a cikinsu. Na ce masa ya rufe shafin biyan kuɗin tukuna, mu zauna. Wannan tambayar ita ce kuskuren farko, kuma kusan kowa da ita yake farawa.

Wasan ɗaya ne. Kamfanin Asobo da ke Bodo a Faransa ne ya ƙera shi, Microsoft ke da wasan, kuma jirgin da za ka tuƙa a Steam shi ne za ka tuƙa a Microsoft Store: gajimare ɗaya, taswira ɗaya, har mutanen da za ka haɗu da su a sama ɗaya ne. Ko a Steam ka saya sai ka shiga da asusun Microsoft kafin wasan ya buɗe. Abin da kake zaɓa a gaskiya shi ne gidan da kuɗinka zai zauna na shekaru, domin wannan ba wasan da ake saya sau ɗaya a gama ba ne. Yau jirgi, gobe filin jirgi, jibi wani jirgin. Kafin ka farga abin da ka zuba a kan ƙari ya ninka kuɗin wasan.

Zaton cewa kayanka za su bi ka duk inda ka koma

Wannan ne ya fi cin kuɗin mutane, shi ya sa zan daɗe a kansa. A cikin wasan akwai kasuwa da ake kira Marketplace, inda ake sayar da jirage da filaye. Abin da ka saya a can yana ɗaure ne da shagon da ka sayi wasan. Wanda yake Steam, da asusun Steam yake biya, kuma kayan suna zaune a Steam. Wanda yake Microsoft Store, ta Microsoft yake biya. Idan ka sauya sheƙa, kayan ba sa binka, ko da asusun Microsoft ɗaya kake shiga da shi a duka biyun. Mutane na ganin sunansu ɗaya ya bayyana a ɓangarorin biyu sai su ɗauka komai a haɗe yake. Ba a haɗe yake ba.

Ga yadda abin yakan faru. Mutum ya fara da Game Pass, wato biyan wata-wata na Microsoft da ke ba ka damar yin wasan ba tare da ka saya ba, ya ji daɗin wasan, ya sayi jirage biyu ko uku a kasuwar ciki. Sai lokacin rangwamen Steam ya zo, ya ga farashi ya sauka, ya ce bari in mallaki abina in huta da biyan wata. Ya saya, ya sauke, ya buɗe rumbun jiragensa: wayam. Nau'in da ke Game Pass na ɓangaren Microsoft Store ne, don haka jiragen suna can inda ya baro.

Haka yake tsakanin fitowar wasan biyu, wasan 2020 da na 2024. Na farkon ya fito ranar 18 ga Agusta 2020, na biyun ranar 19 ga Nuwamba 2024, kuma an ba da damar kayan kasuwar ciki da aka saya a tsohon su ƙetara zuwa sabon idan sun dace da shi. Amma da sharaɗi: shago ɗaya. Mai 2020 a Steam da ya sayi 2024 a Microsoft Store ya yanke igiyar da hannunsa.

Gyaran bai da wuya. Idan ka riga ka kashe kuɗi a ɓangare ɗaya, zauna a nan, ko da ɗaya ɓangaren ya fi araha a wannan makon. Idan kuma ba ka fara ba, kuma a kwamfuta kaɗai za ka yi wasa, ka riƙa sayen ƙari kai tsaye daga masu ƙera shi ko daga shagunan waje irin su simMarket da Orbx. Waɗannan fayiloli ne da ake zubawa a jakar Community, wato jakar da wasan ya ware wa kayan waje a kwamfuta, ba ruwansu da shagon da ka sayi wasan. Jirgin A320 na Fenix haka yake, A32NX na FlyByWire kuwa kyauta ne ma. Ni nan nake ajiye yawancin kuɗina, saboda ina son abin da na saya ya zama a hannuna yake.

Mantawa da Xbox, ko biyan kuɗinta alhali ba ka da ita

Babban abin da Microsoft Store ya fi Steam da shi shi ne tsarin Xbox Play Anywhere: ka saya sau ɗaya, ka yi wasa a kwamfuta da kuma na'urar wasa ta Microsoft, Xbox Series X ko S. Steam ba ya ba ka wannan ko kaɗan. Don haka duk gidan da akwai Xbox a falo, ko ake shirin sayenta, magana ta ƙare, Microsoft Store ne. Sai dai ka sani a Xbox babu jakar Community, kasuwar ciki kaɗai gare ka.

Wanda ba shi da Xbox kuma ba ya tunaninta, wannan fa'idar ba tasa ba ce. Mai amfani da Linux kuwa Steam ce ƙofarsa, ta hanyar Proton, manhajar da ke tafiyar da wasannin Windows a Linux, domin Microsoft Store na Windows ne.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, kuma sau da yawa mai gyara ya ɗora musu Windows da aka zaftare wa abubuwa don ta yi sauri. A irin wannan Windows ɗin wani lokaci babu Microsoft Store ɗin gaba ɗaya, ko manhajar Xbox ta ƙi buɗewa. Kafin ka biya ko sisi, buɗe shagon, shiga da asusunka, sauke wata ƙaramar manhaja ta kyauta. Idan wannan ya gagara, ka fara gyara Windows tukuna.

Saye kafin gwaji

Ɗan yayata ya nuna min kwamfutarsa yana alfahari da ita. Da muka duba, ƙwaƙwalwar aikinta gigabait 8 ce. Wasan 2020 zai iya tashi da haka da ƙyar, shi ne mafi ƙarancin abin da yake nema. Na 2024 kuwa 16 ne mafi ƙaranci, 32 ake ba da shawara. Da ya biya dala 69.99 a wannan daren, da ya sayi abin da ba zai motsa ba.

A nan Game Pass ke da amfani ko ga wanda a ƙarshe Steam zai saya. Biyan wata ɗaya ya ishe ka ka ga ko kwamfutarka da layinka za su ɗauka. Sharaɗin kawai, kada ka sayi komai a kasuwar ciki a wannan watan sai ka yanke shawarar inda za ka zauna.

Wasu kuma na dogara da cewa ai za a mayar musu da kuɗi. Dokar Steam a fili take: cikin kwana 14 da saye, kuma wasan bai kai awa 2 a buɗe ba. Matsalar ita ce a wasan 2020 abin da Steam ke saukewa ɗan ƙarami ne, babban nauyin sai ka buɗe wasan yake fara sauka, agogon Steam kuma yana ƙirga shi a matsayin wasa. An yi ta ƙorafi a kan haka a 2020, har kamfanin Valve mai Steam ya fito ya ce lokacin saukewa ba zai hana mayar da kuɗi ba. Duk da haka, idan ka nemi kuɗinka ka rubuta a fili cewa awannin nan na saukewa ne. Microsoft ma yana karɓar buƙata cikin kwana 14, amma duba ta ake yi ɗaya bayan ɗaya.

Rashin lissafin data

Babu shagon da zai rage maka wannan. Wasan 2020 yana neman gurbin gigabait 150 a faifai. Na 2024 yana neman 50 kawai, sai mutum ya yi murna ya ce ya samu sauƙi, alhali an rage ne saboda yawancin duniyar ana janyo ta daga intanet lokacin da kake cikin tafiya. Mafi ƙarancin saurin layi da suka rubuta megabit 10 ne a daƙiƙa, shawararsu 50. Ga wanda ke jona kwamfuta da wayarsa, tsohon wasan ya fi masa rufin asiri: ka sha wahalar saukewa sau ɗaya, sannan ka shiga saitin data ka sa iyaka, ka kunna ma'ajiyar wucin gadi da ke riƙe wuraren da ka saba bi.

Lokacin da na sauke nawa, dare uku na yi. Nakan jira sha biyu ta wuce, in ajiye wayar a kan taga inda sabis ya fi ƙarfi, in zauna ina kallon shuɗin layin yana rarrafe. A dare na biyu aka ɗauke wuta, batirin ya mutu. Da safe ban taɓa komai ba sai da na kwafe jakar Packages, inda abin da aka sauke yake zama, zuwa faifan waje, kuma wannan kwafin ya cece ni daga baya da na sake ɗora Windows: na nuna wa wasan inda jakar take, ya duba ta, ya sauke sabuntawa kawai. Ka yi wannan tun ranar farko. Wurin jakar ya bambanta da shago. Na Steam yana ƙarƙashin AppData\Roaming, na Microsoft Store yana ƙarƙashin AppData\Local\Packages, sai dai in kai ka zaɓi wani wuri lokacin ɗorawa. Idan ka ɓace, buɗe fayil ɗin UserCfg.opt, layin InstalledPackagesPath zai gaya maka. Da yawa cikin masu kukan "na zuba jirgi bai fito ba" sun bi bayanin ɗaya shagon ne, suka zuba a jakar da wasansu ba ya karantawa.

Neman araha ta bayan gida

Biyan kuɗi da dala ciwon kai ne, na sani. Kati yakan ƙi wucewa, sai mutum ya koma wa katin kyauta ko lambar wasa daga 'yan tsakiya. Wani abokina ya tura wa wani mai talla kuɗi, aka aiko masa da lamba mai haruffa 25, ya liƙa, aka ce ba ta aiki a yankinsa. Mai tallan ya ce ya kunna VPN ya sauya ƙasa. Daga nan bai sake ɗaga waya ba.

Abu biyu za ka tambaya kafin ka karɓi kowace lamba: ta wane shago ce, kuma ta wace ƙasa ce. Lambar Microsoft ba ta shiga Steam, ta Steam ba ta shiga Microsoft. Katin kyauta ma sai kuɗin da ke kansa ya dace da na asusunka. Ɓoye ƙasarka da VPN don samun farashin wata ƙasa kuwa ya saɓa wa yarjejeniyar Steam, kuma asusun da duk wasanninka ke ciki ne kake cacar da shi. Mafi muni shi ne sayen "asusu mai wasa a ciki" da ake tallatawa da arha: mai asusun na asali zai iya ƙwace abinsa ranar da ya ga dama. Hanya mai tsafta ita ce ka gwada hanyar biyanka da ƙaramin abu a kowane shago. Wanda ya karɓi kuɗinka ba tare da dabara ba ya samu babban maki, domin za ka dawo masa sau da yawa.

Sayen babban kunshi tun farko

Na 2024 kunshi huɗu ne, daga Standard mai dala 69.99 zuwa Aviator mai 199.99. Sabon shiga zai yi makonni a cikin ƙaramar Cessna 172 yana koyon sauka, kuma tana cikin Standard. Ana iya ƙara kuɗi a hau na gaba daga baya.

Ɗauka cewa shaguna biyun nan su ne duniya

Akwai wasu wasannin tuƙin jirgi ban da wannan. X-Plane 12 na kamfanin Laminar Research yana tafiya a Windows da Mac da Linux, ana sayensa a shafin kamfanin ko a Steam, kuma yana da na gwaji kyauta. Mai sha'awar jiragen yaƙi da zai shiga DCS World ya kula da wannan: kayan da aka saya a Steam ana iya mayar da su nau'in kamfanin Eagle Dynamics, amma na kamfanin ba sa komawa Steam. FlightGear kuma kyauta ne ɗungurungum, kuma ba ya wahalar da tsohuwar kwamfuta kamar waɗancan.

Da shi ɗan yayata ya fara, yayin da yake tara kuɗin ƙarin ƙwaƙwalwa. Da ya sa ta, ya biya Game Pass na wata ɗaya, ya gwada, bai sayi komai a ciki ba. Ba su da Xbox a gida, sauran wasanninsa suna Steam, katinsa kuma ya wuce a can, sai ya jira rangwame ya sayi na 2020 a Steam. Ranar da ya gama saukewa ya kira ni. Bai nufi Jidda ba tukuna. Ya rubuta DNKN, lambar filin jirgin Kano, ya ɗaga Cessna, ya karkata hagu a hankali yana neman Dutsen Dala ta taga, yana ce min, "Kawu, tsaya, bari in ga ko zan gane unguwarmu."